Kuskuren Shafi na Goma Sha Huɗu

Kuwabara Soichi farfesa ne na lissafin siffofi a wata jami'a a Tokyo. Shekara ashirin da biyu ofishina na jikin nasa, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ko maƙiyinsa ya shaida. Aibinsa guda ne: bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, kuma duk wanda ya nuna masa kuskure ya ja wa kansa.

Yana ɗan shekara talatin da ɗaya ya fitar da takardar da ta yi masa suna. A cikinta ya kafa hujja cewa duk siffar da ta lanƙwasa ta wata hanya ta musamman, komai faɗinta, dole ta zagayo ta rufe kamar ƙwallo. Aka laƙaba wa ƙa'idar sunansa, ɗalibai suka yi ta tururuwa wajensa.

Yana da wani abokin karatu, Ide Noboru, ɗan manomin tuffa daga arewacin ƙasar. Da mahaifinsa ya kwanta ciwo sai Ide ya bar jami'a ya koma gida, ya kama koyarwa a sakandare, amma bai daina karatu ba. Wata bazara ya hawo jirgin ƙasa da kwalin tuffa, ya shiga ofishin Kuwabara ya tura ƙofa. Bangon siriri ne, ina jin komai.

"Kuwabara, ni dai tsakaninmu nake so ya tsaya," in ji Ide. "Shafi na goma sha huɗu na takardarka, layi na shida. Ka ɗauka layukan nan biyu dole su haɗu. Na yi wata takwas ina nema, ban ga abin da ya tilasta musu ba."

Kuwabara ya yi dariya, ya gode masa, ya ce magana irin wannan ta fi ƙarfin ofis, ya zo taron masana lissafi na shekara ya gabatar da ita. Ide ya ɗauka karramawa ce. Har sabuwar riga ya ɗinka.

Ranar taron zauren ya cika. Ide mutum ne mai in'ina, ga harshen arewa a bakinsa. Bai yi minti biyar yana magana ba Kuwabara ya miƙe ya fara jefa masa tambayoyi, ba ya barin ya gama amsa ɗaya sai ya jefo wata. Alli ya faɗi daga hannun Ide, ya sunkuya ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Sai Kuwabara ya kwaikwayi harshensa, har da in'inar, ya ce, "Malam Ide, ka koma ka koya wa yara auna gonar tuffa. Nan wurin manya ne."

Zauren ya ɗauki dariya. Ni ma na yi. Ide ya rusuna wa jama'a, ya goge allon da kansa, ya fita. Bayan haka Kuwabara ya bi masu tace mujallu ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ba wanda zai buga rubutun Ide.

Abin da ya fi muni shi ne Kuwabara ya san Ide ne mai gaskiya. Watanni allonsa cike yake da lissafin shafin nan, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya yi maza ya goge. Da ya kasa gyarawa sai ya binne maganar, ya ci gaba da ba ɗalibai aikin da aka ɗora a kan ƙa'idar. Mutum goma sha ɗaya suka yi digirin digirgir a kanta.

Shekara goma sha tara aka yi haka. Saura wata biyu ya yi ritaya, wani mai bincike a Barazil ya buga takarda mai shafi huɗu kacal, ya nuna siffar da ta cika duk sharuɗɗan amma ba ta rufe ba. Ƙa'idar ta rushe, ta tafi da aikin ɗalibansa. A cikinsu akwai wanda ya ɓatar da shekara goma sha biyar a kanta. Ba wanda ya zagi Kuwabara. A baranda mutane suka ƙara zurfafa rusunawa, su wuce ba magana. Zauren liyafar bankwana na mutum ɗari biyu ne, mu bakwai muka zo.

Da sanyi ya shigo ya roƙe ni in raka shi arewa, gidan Ide. Matar Ide, Fumiko, ce ta buɗe mana. Ta ce mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Muka cire takalma, muka durƙusa gaban hotonsa, muka kunna turare. Ta kawo shayi. Kuwabara ya yi ta juya kofi, daga ƙarshe ya tambaya ko marigayin ya bar wasu takardu.

"Ashe su ka zo nema, Malam," in ji ta. "Ai ya gano gyaran. Shekara uku bayan taronku ya gano shi, ya ce sharaɗi ɗaya za a ƙara, ƙa'idarka ta tsaya da ƙafarta. Sau biyu ya aiko maka a wasiƙa, sau biyu ta dawo ba a buɗe ba."

Kuwabara ya kifa goshinsa a tabarma, ya ce ta taimaka ta ba shi.

"Na sa masa su cikin akwatin gawa," ta ce. "Tare da gawar aka ƙone su, yadda al'adarmu take. Sha shayinka, zai huce."

Kuwabara ya ƙara shekara tara a duniya. Duk ya ƙarar da su a ɗaki shi kaɗai yana neman sharaɗin nan guda, har ya mutu bai same shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kuskure ba ya kashe darajar mai ilimi, girman kai ne ke kashe ta. Wanda ya tako har inda kake ya nuna maka kuskurenka a asirce masoyinka ne, ko da bai kai ka matsayi ba. In ka wulaƙanta shi, wata rana za ka nemi abin da ke hannunsa, ka tarar lokaci ya wuce. Mu kuma da muka yi dariya a zauren nan, muna da namu alhakin.