Akwatin da Babu Komai a Cikinsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ku matso, muryata ta dishe yau, ba zan iya ɗaga ta ba. Kuma kada ku ce labarin mutanen da ne, a zamanin nan namu na waya a aljihu aka yi shi.

Sunansa Mudi, wanki da guga yake yi. Irin mutanen nan ne da za ku shekara sahu ɗaya a masallaci ba ku san sunansu ba. Mahaifiyarsa na wurinsa, ciwon yanar ido ya rufe mata ido duka biyu, ko buta sai an miƙa mata. Rannan aka ji likitocin ido sun sauka a asibitin garin, za su yi aiki su wuce. Aikin kyauta ne, amma magani da kayan aiki kai za ka sayo. Mudi ya duba ɗakinsa sama da ƙasa, abin sayarwa ɗaya ne tak.

Wata 'yar na'ura ce baƙa, ba ta fi tafin hannu ba. Wani ma'aikaci da yake wa wanki ne ya bar masa ita da aka yi masa canjin gari. Shi ya nuna masa yadda take. Ana jona ta a bayan talabijin, a ba ta wuta, a haɗa ta da intanet, sai ta jawo maka abin da kake so daga ko'ina a duniya: wa'azi, labarai, ƙwallo, fim. Ya ce masa, "Mudi, babu komai a cikinta fa. Kamar famfo take. Ruwan ba a cikin famfo yake ba, ta bututu yake zuwa. Inda babu sabis, wannan akwati ne kawai."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mudi ya kai ta kasuwa, wurin wani dillali mai suna Tanimu da ke zama a rumfar masu gyaran talabijin. Mudi ya wuni a tsaye, bai karya ba. Wannan ya juya ta ya ajiye, wancan ya yi tayin wulaƙanci ya wuce. Sai da la'asar ta yi sanyi wani dattijo ya tsaya, da igiyar akuya naɗe a hannunsa, ba akuyar.

Tanimu ya jona na'urar, ya buɗe mata datar wayarsa. Sai ga Ka'aba a talabijin, mutane na ɗawafi a daidai wannan lokacin. Dattijo ya dafe ƙirji.

"Allahu Akbar! Duk wannan a cikin ɗan abin nan yake?"

Tanimu ya ce, "Ai ka gani da idonka, Baba."

Dattijo ya zauna a benci. Ya ce matarsa ce ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance. Duk rayuwarta burinta ta ga Ɗakin Allah, kuma yanzu ta san ƙafarta ba za ta je ba. Ɗansu ya sa musu sola da 'yar talabijin. Akuyarsa ya sayar yau don ya kai mata abin da za ta riƙa kallo. Bai ja ciniki ba. Ya kwance bakin aljihu ya zuba wa Mudi kuɗi a hannu, kuma sun isa maganin Inna har da ragowa.

Yana naɗe na'urar a hankici ya ce, "Bari in isa gida in hau dutse in kira yaron in gaya masa. Mu a ƙauyenmu sai ka hau dutse waya take shiga."

Ku saurara, jama'a. Ku saurara nan.

Mudi ya dubi dattijon. Kuɗi na hannunsa, an yi sallama, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Na'ura lafiyarta ƙalau, an gwada, mai saye ya gani. Abin da ake nema gare shi kawai ya yi shiru. Shiru kawai! Ya tuna Inna tana lalube bango. Wallahi ya so ya yi shirun, kada ku ɗauka waliyyi ne. Gajiyayyen mutum ne mai jin yunwa, kamar ni, kamar ku.

Ya ce, "Baba, dakata. A ɗakin da take kwance, waya ba ta shiga?"

"Ko kaɗan, ɗana."

"To ba za ta yi muku aiki ba. Abin da ka gani ba a cikinta yake ba, jawo shi take yi. In ka kai ta can, talabijin baƙi za ta nuna muku."

Tanimu ya take masa ƙafa. "Kai, wa ya tambaye ka? Ciniki ya faɗa! In ya je ba ta yi ba, laifin ƙauyensu ne, ba naka ba."

Mudi ya ce, "Shi bai sani ba, ni na sani."

Ya mayar wa dattijo kuɗinsa. Dattijon ma bai wani yi murna ba, don abin da zai kai wa matarsa ya kuɓuce masa. Ya ce "Allah ya yi albarka" a hankali, ya tafi.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce dattijon ya dawo da buhun kuɗi. Bai dawo ba. Ba a ƙara ganinsa ba. Na'urar ba ta sayu ba sai bayan likitoci sun tattara sun tafi.

A ranar da ya mayar da kuɗin, da magariba, Mudi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata komai, yana jin kunya kamar wanda ya yi sata. Ya ce, "Inna, kuɗin sun zo hannuna, na mayar. Ki yafe min."

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta lalubo kansa ta dafa.

"Kai, ɗan nan. Da ka buɗe min ido da akuyar wannan baiwar Allah, me zan fara gani? Fuskarka. To da wace fuska za ka tsaya a gabana? Tashi ka miƙo min buta."

Ya tashi ya miƙa mata, yana hawaye. Haka ya ci gaba da miƙa mata har shekara ta zagayo.

Jama'a, na gaji da maimaita muku magana ɗaya, amma zan sake. Ha'inci ba sai ka buɗe baki ba. Wanda ya san abin da zai cuci mai saye ya yi gum, ya ha'ince shi, kuma albarkar cinikin ta tafi. Kai mai sayar da waya da ka san batirinta ya mutu, kai mai babur da ka zuba wa inji mai mai kauri don ya yi shiru, ke mai sayar da firji da kika san ba ya sanyi, duk cewa kuke yi, "Ai ya gani da idonsa." Ya ga abin da kuka nuna masa ne. Abin da kuka ɓoye, Allah ya gani.

Gobe kasuwa za ta ci. Wani zai zo gabanka da igiyar akuyarsa a hannu, bai san abin da ka sani ba. Faɗa masa, ko da cinikin zai watse. Allah ya sa mu iya. Ku tashi, an kusa kiran salla.