Tsuntsun da Bai San Taswira Ba

Akwai wani bawan Allah mai kula da injina a matatar ruwa, abokan aikinsa na kiran sa Kunnen Zomo. Shekararsa goma sha tara a wurin, daga ƙara kaɗai yake gane injin da ke shirin lalacewa.

Bayan ɗakin injin akwai tafki mai dogayen ciyayi. Wata safiya yana shafa wa inji giris sai ya ji wani kuka siriri mai sauri, kamar keken ɗinki. Da ya leƙa, sai ga ɗan tsuntsu da bai kai tafin hannun jariri ba, ruwan ƙasa, da farin layi a saman ido kamar gira.

Ya ɗauki kukan a waya. Shekara uku a jere, duk sanda tsuntsun ya dawo sai ya rubuta ranar.

Matarsa kan tsokane shi: "Maigida, ranar aurenmu ka manta, amma ta tsuntsu tana rubuce!"

Ana nan sai manaja ya sanar cewa nan da sati uku za a share ciyayin, a yi wurin ajiye motoci. Hankalin Kunnen Zomo ya tashi. Ya nemi izini, ya tafi jami'a wurin wani Dokta masanin tsuntsaye.

Dokta ko kujera bai nuna masa ba. Ya saurari rabin sautin, ya nuna taswira a bango.

"Malam, ka ga inda jan launin nan ya tsaya? Nan ne iyakar tsuntsun, tafiyar kwana biyu daga nan a mota. Daga intanet ka sauko da wannan, ko?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san taswira ba. Ina jin shi ma tsuntsun bai san ta ba."

Dokta ya ɗaure fuska. "Ka koma kan injinka."

Kunnen Zomo ya mayar da wayarsa aljihu, ya fito. Ashe wata malama da ke ofis ɗaya da Dokta ta ji komai. Ta biyo shi baranda.

"Baba, don Allah sake kunna min."

Ta saurara sau uku, ta duba ranakun da ya rubuta, ta ce gobe da sassafe tana tafe.

Ta zo da raga mai laushi irin ta masu bincike. Kwana biyu ba a kama komai ba, har ta fara karaya.

Ya ce, "Malama, ba a nan za ki kafa ta ba. Da zarar inji na biyu ya tashi, bakin magudana yake komawa."

Suka mayar da ragar can. Kafin rana ta ɗaga, tsuntsaye uku sun shiga. Ta auna fiffike, ta ɗauki hoto, ta sa musu zobe a ƙafa ta sake su.

"Baba, shi ne! Ba a taɓa rubuta ganinsa a duk yankin nan ba."

Labari ya bazu. Masu bincike suka shiga duba tafkuna irin wannan, suka same shi a wurare huɗu. Aka sake zana taswirar, kuma a rahoton sunan Kunnen Zomo ne a farko. Manaja ya canza wa motoci wuri, ya sa aka kewaye ciyayin da waya.

Bayan wata guda Dokta ya zo da ƙafarsa. A gaban ma'aikata ya ce, "Malam, na raina ka, na kuma ji kunya. Ka yafe min, ka nuna min shi."

Kunnen Zomo ya yi murmushi, ya miƙa masa takalmin roba.

"Ya wuce, ranka ya daɗe. Sa wannan, akwai taɓo. In mun isa kuma sai ka yi shiru, a nan shi ne mai magana."

Darasi: Kada ka auna sanin mutum da rigar aikinsa. In an raina gaskiyarka, riƙe ta da haƙuri, ranarta na zuwa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na dab da yar da abin da ya sani don an yi masa dariya.