Kalmar Sirrin Malam Mamuda

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, aka ɓata wa Malam Mamuda suna. Wani ya shiga shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin malamai da sunansa, ya rubuta cewa shugaban ƙungiyar, Alhaji Barau, maƙaryaci ne. Barau amininsa ne tun suna kwalejin horon malamai, amma daga ranar bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Malam bai yi hayaniya ba. Ya bi diddigi, sawu ya kai shi kan tsofaffin ɗalibansa uku da suka gina wa ƙungiyar shafin kyauta.

Zuwaira ce ta tsara ƙofar shiga da harshen kwamfuta na PHP. Mutum zai rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta gwada su da abin da ta ajiye, in sun dace ta buɗe masa. Ba don ita ba, da babu ƙofar. Sai dai ta ajiye kalmomin a fili, ba ta rikiɗa su yadda ido ba zai karanta ba. "Malam, kullum kuna mantawa," in ji ta. "In kun kira ni, me zan karanta muku?"

Nafi'u ne ya rubuta bayanin yadda ƙofar ke aiki, don duk wanda ya gaji aikin ya iya gyara. Bayanin ya fita sarai. Da ya zo kan misali, sai ya ɗauko sunan Malam da kalmarsa ta gaskiya daga inda Zuwaira ta ajiye su, ya sa. "Ai ku kuka koya mana misalin da ba a gwada ba, ba misali ba ne," in ji shi. Malam ya tuna ya faɗi haka, kuma bai ji daɗin tunawar ba.

Lawandi kuwa shi ya ɗora bayanin inda kowa zai gani, domin dokar ƙungiya ta hana ɓoye wa mambobi komai. Bai karanta ba. "Aikin Nafi'u ne, Malam. Wa yake duba aikin Nafi'u?"

An canza kalmar, an gyara ƙofar, ba a gano wanda ya yi zagin ba. Barau ya ce ba zai yarda cewa ba Malam ne ya zage shi ba sai wanda ya jawo abin ya tsaya gaban taro ya faɗa da bakinsa. Su ukun suka ce za su ba da haƙuri tare. Malam ya ƙi. Ya ce shekarunsa a aji sun nuna masa in yara suka amsa laifi a jam'i, babu wanda ya amsa. Mutum ɗaya yake so, a tsaye, a bainar jama'a.

To jama'a, tsakanin wadda ta bar kalmar a fili, da wanda ya kwafe ta, da wanda ya baza ta, wa zai miƙe ya nemi gafarar Malam?