Baba, Ka Ɗan Matsa

Na dawo na tarar an yi wa majami'armu rufin kwano, an sare mangwaron bakin ƙofa, Malama Rifkatu da ta koya mana waƙoƙi tana makabarta, yaran da na bari suna rarrafe su ne ke buga ganga. Dattijo Istifanus ya ce mini, "Kai da ƙafarka ba ta zama, ka bar wa 'yan makarantar Lahadi ko da magana ɗaya." To, ga ta.

Akwai wani mutum mai zane da kwamfuta a birni. Aka ba shi aikin tallan sabulu, aka ce ya yi kumfa wadda mai kallo zai rantse ta gaske ce. Ya zagaye ta, ya zuba mata launuka, amma ta fito kamar ƙwallon roba. Gama kumfa ba ta da kamannin kanta, abin da ke kewaye da ita take nunawa. Dole ya ɗauko hoton wani wuri ta kowane gefe, ya lulluɓe ta da shi.

Sai ya tuna da hasken tsakar gidan ubansa a ƙauye, ya ɗauki kyamara, ya hau mota. Ya sami tsohon a kujera yana shan hantsi, ciwo ya cinye shi.

Uban ya ce, "Ɗana, kai ne? Zauna nan kusa da ni, a dama maka kunu."

Ɗan ya ɗaga kyamara ya ce, "Baba, ka ɗan matsa, kana shiga hoton. Mutum yana ɓata kumfar."

Tsohon ya dafa bango ya shiga ɗaki, yana cewa, "In ka gama ka shigo."

Da ya gama, mota na jira. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Baba, sai na dawo!"

Kumfar ta yi kyau ƙwarai, kowa ya yaba. Kafin damina ta wuce uban ya rasu. Mutumin ya buɗe aikinsa, ya yi ta ƙara girman kumfar yana neman fuskar. Ga rumbu, ga tulu, ga igiyar shanya, ga kujera ba kowa a kai.

Ga ma'anar misalin. Kumfar ranmu ce, kyakkyawa, ba ta daɗewa, kuma abin da muka tsaya kusa da shi take nunawa. Tsakar gidan albarkun Allah ne. Muna son haskensa, amma shi kansa mukan ce ya ɗan matsa sai mun gama. Yakan matsa, ba ya tilasta wa kowa. Ya ku yara, in ya ce ku zauna, ku zauna a ranar. Kiran ba ya jiran mutum har abada.

Ku tafi da wannan gida. Ni jakata na ɗaure, innata tana ta cusa mini gyaɗa, direban Gombe kuwa ba ya jira.