Jinin Malam Tanimu da Ya Ƙafe a Firiza

Ku gyara zama, ga wata, amma ta yau ba ta dariya ba ce.

Gwoggo Delu ta rasa mijinta, Malam Tanimu, da wani ciwo da likitoci suka kasa gane kansa. Kafin ya cika aka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, aka sa a firizar asibiti. Bayan shekara tara, sai ciwon nan ya kama 'yarta tilo, Ladiyo, ga ta da tsohon ciki. Likita ya ce sai an gwada jinin uban za a san maganin.

Da aka fito da kwalbar, sai Gwoggo ta ga ɗan abu baƙi a can ƙasa. Ashe murfin bai ɗauru sosai ba, sanyi ya yi ta tsotse ruwan jinin kaɗan-kaɗan.

"Likita, iya abin da ya rage na Malam ke nan?"

"Shi ke nan, Gwoggo. Kuma ya yi kauri, in aka gwada shi a haka ƙarya zai faɗa."

To, akwai mata uku a ɗakin gwajin. Azumi ce ta karɓi jinin tun farko, ta ja layi a jikin kwalbar daidai inda ya tsaya, yadda uwarta ke yi wa kwalbar man gyaɗa. Har tsiya ake yi mata: "Azumi, miya za ki yi da shi?"

Kuluwa kuwa, shekarar da firizar ta mutu, ita ta zuba kwalaben jinin, har da ta Malam, a cikin kula mai ƙanƙara, ta rungume ta a kan babur cikin zafin rana har asibitin wani gari.

Tabawa ce ta zauna tana ɗiga tataccen ruwa, ɗigo-ɗigo, har jinin ya komo kan layin Azumi, sannan ta gwada, ta gano ciwon.

Sai dai Ladiyo ta riga ta yi nisa. Ta haifi mace, kwana biyu ta bi ubanta. Jaririyar ma da ciwon aka haife ta, amma ita aka fara mata magani tun ranar farko, ta rayu.

Gobe suna. Uban jaririya ya ce, "Gwoggo, ke za ki zaɓa." Ita kuwa ta ce bakinta ba zai iya kiran sunan Ladiyo kullum ba, gara ta yi wa ɗaya cikin matan nan takwara. Tana zaune da jika a cinya, tana hawaye, ta kasa yankewa.

To, jama'a, sunan wa ya kamata a raɗa wa yarinyar nan: Azumi, Kuluwa, ko Tabawa?