Ciyawar da Muhyiddeen Ya Bari a Cikin Kwabet

Akwai wata mata a unguwar Kado, sunanta Ikilima. Mace ce mai tsabta da ji da kai. A kasuwa kuwa, in ta taya kaya sai mai kayan ya share gumi.

Mijinta Muhyiddeen ba shi da abin sha'awa kamar kifin ado na ruwan gishiri. A falonsu akwai babban tankin gilashi da kifaye biyu masu launin lemo da ratsin fari, kullum suna manne da juna. Yakan nuna su yana dariya ya ce, "Babbar ke ce, ƙaramin ni ne. Duba yadda take korarsa."

A ƙarƙashin tankin, cikin kwabet, akwai wani ƙaramin tanki da ƴar fitilarsa. Ruwan babban tankin yana gangarowa cikinsa, famfo ya mayar da shi sama. Babu komai a ciki sai wata ciyawar teku, koriya, a cukurkuɗe kamar soson wanka. Ikilima ba ta taɓa tambayar amfaninta ba. Shi kuma bai taɓa zaton zai riga ta tafiya ba.

Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah Ya karɓi abinSa.

Duk tsawon takabarta, wata Madam Divine mai shagon kifin ado, wadda Muhyiddeen ke sayayya a wurinta, ita ke zuwa duk bayan sati biyu. Ta canja ruwa, ta rage ciyawar, ta gaishe ta, ta tafi. Ikilima kuwa nan gaban tankin take yini da carbinta. Wadda ta yi takaba ta san yadda yini yake tsawo. Kifayen nan biyu su ne abin da ya rage mata mai rai daga hannun mijinta.

Ranar fita takaba gida ya cika da dangi. Ana ta shara da goge-goge, sai Lantana, yayar marigayin, ta buɗe kwabet ɗin ta ja da baya.

"Subhanallahi! Ikilima, duk tsabtar taki ashe ta ido ce? Gansakuka kike kiwo a falo?"

Mata suka kwashe da dariya. Ikilima ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nan take ta naɗe hannun riga, ta kwashe ciyawar tas, ta watsa a bola.

Washegari Divine ta zo, ta leƙa kwabet, ta ɗora hannu a ka.

"Hajiya, ina ciyawa na Oga? Wannan ba datti ba ne o! Shi ne yana shanye datti na ruwa. Oga ya zaɓi wannan iri da kansa, saboda shi ba ya mutuwa rana ɗaya ya ɓata ruwa."

"Ke Madam, ba a yi mini wayo. Kin bar ƙazanta ne don a riƙa kiranki. Na gode, ki huta."

Divine ta miƙe. Ta ce, "Allah Ya ba ki haƙuri," ta ɗauki jakarta.

Bayan sati uku ruwan ya fara dishi-dishi. Ikilima na ganin kifayen sun yi sanyi, sai ta ƙara musu abinci, abin ya ƙara lalacewa. Zuciyarta ta gaya mata gaskiyar Divine ce. Amma ta kira matar da ta kora? Ina!

Ta shiga kasuwar kifi, ta samu wani Saleh yana da ciyawar ruwa a bokiti. Ta taya, ya ƙi, ta juya kamar za ta tafi har sau biyu, sai da ya ce ta ɗauka.

"Amma Hajiya, ta ruwan dam ce fa, daga wajen Bwari. A wane ruwa za ki sa?"

"Malam, ciyawa ai ciyawa ce."

Ta dawo gida ta zuba ta a ƙaramin tankin, tana jin ta yi nasara. Ba ta san abin da ya tashi a ruwan daɗi ba ya rayuwa a ruwan gishiri ba. Kwana uku ciyawar ta narke, ta yi baƙi, falon ya ɗauki wari.

Da safe ta tarar da ƙaramin kifin kwance a kan yashi. Babbar na zagaya shi tana tura shi da baki.

Kukan da ba ta yi ba gaban dangi, shi ta yi a gaban gilashin nan. Ko takalmi ba ta daidaita ba ta tari keke sai shagon Divine.

"Madam, na kashe shi. Don Allah ki zo kar ɗayar ta bi shi."

Divine ba ta ce na gaya miki ba. Ta ja hannunta zuwa bayan shago, ta nuna mata wani tanki cike da ciyawar nan mai kama da soso.

"Kin ga wannan? Duk na Oga ne. Lokacin da na buɗe shago ba ni da ko ɗaya, shi ne ya yanko nasa ya ba ni kyauta. Ya ce abu mai rai ba a riƙe shi a hannu ɗaya."

Ta cika leda, suka koma tare. Suka canja ruwa, suka mayar da ciyawar mazauninta, suka kunna ƴar fitilar.

Babbar kifin ta rayu. Har yau tana nan, ita kaɗai, tana zagaya wurin da ƙaramin yake kwana. In baƙi suka tambayi Ikilima me ya sa kifin guda ɗaya ne, sai ta ce, "Ita ma takaba take yi. Ni na sa ta."

Darasi: Kar dariyar mutane ta sa ka zubar da abin da ba ka san amfaninsa ba. Tambaya ba ta rage wa kowa daraja, girman kai kuwa yana cinye abin da kuka ba ya dawowa da shi. Alherin da ka shuka kuma yakan dawo gidanka ko bayan ranka. Ku tura wa ƴan'uwa, wataƙila wata na shirin watsar da nata yau.