Farin Farantin Baba Cindo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa yanzu wani a cikinku zai miƙe ya ce ai kakansa ne, mu ɓata lokaci wajen musu. Ku dai gyara zama. Masu hira a can baya, ku ajiye ta, ba za ta gudu ba.

A wancan zamanin ƙaramar hukuma ta gina wa mutanen garin lambun shaƙatawa. An dasa darbejiya da mangwaro, an kafa wa yara lilo, an share filin ƙwallo, can ƙarshen lambun kuma aka haƙa wurin ninkaya, aka yi masa daɓen siminti, aka kewaye shi da katanga mai ƙofa ɗaya. Gefe guda ruwan iyakarsa ƙugun yaro. Daga tsakiya sai ƙasan ya gangara, ya yi zurfin da zai shanye dogon mutum har da hularsa.

Wanda aka damƙa wa makullin wannan ƙofa shi ne Baba Cindo. Ɗan masunta ne, a bakin kogi ya tashi, bai yi boko ba, ko sunansa da ɗan yatsa yake dangwalawa. A takardar hukuma ma'aikaci ne na can ƙasa, ƙasan da in manya sun zo ziyara ba a tunawa a gabatar da shi.

To, yana da wata al'ada. Kullum da safe, kafin ya buɗe wa kowa, sai ya ɗauko wani farin faranti na ƙarfe da ya huda wa baki ya ɗaura wa igiya, ya je gefen mai zurfi, ya sake shi har ya kwanta a ƙasa. Sai ya tsaya ya leƙa. In ya ga farantin fes, ya ce bismillah, ya buɗe ƙofa. In bai gan shi ba, ƙofa ta zauna a rufe, ko wa ya zo. Shekara goma sha tara yana wannan. Mutanen lambu suka mayar da abin na tsokana. Barau, mai ban ruwan furanni, wanda shi ne abokin hirarsa, in ya hango shi da igiya sai ya ce, "Baba, yau ma za a kai wa aljanun ruwa karin kumallo?"

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Barau, yaro in zai nutse ba ya ihu. Na ga wannan a kogi da idona. Shiru yake tafiya ƙasa. In ban ga faranti ba, shi ma ba zan gan shi ba."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo mata.

Wata shekara aka naɗa sabon kansila mai kula da lambuna da wasanni, ana ce masa Kansila Haladu. Kada ku ɗauka mugu ne, don na san ku, da an ce kansila kun fara yamutsa fuska. Mutum ne mai son a ga ya yi aiki, kuma ya yi. Ya gyara lilon da ya shekara uku a karye, ya sa an yi wa katanga fenti. Sai ya sa aka yi shela gari duka cewa kashegarin Sallah kowane yaro ya zo ya yi wanka kyauta, kuma ciyaman da kansa zai zo da baƙinsa su gani.

Ana saura kwana uku, injin da ke tace ruwan ya tsaya. Baba Cindo ya je ofis ya faɗa, aka ce an ji. Ya koma kashegari, aka ce mai gyara ya tafi garinsu yin Sallah. Zafi ake yi a lokacin ba na wasa ba, kafin ka ce me ruwa ya fara juyawa. Ranar wankan, da safe, ya saki farantinsa. Bai kai kamu biyu ba ya ɓace a cikin kore. Ya jawo shi, ya goge, ya sake saki, ko idonsa ne. Haka dai. Ga shi a bayan katanga yana jin hayaniyar yara, sun fi ɗari biyu, kowa da sabon ɗinkinsa.

Da hantsi kansila ya iso cikin babbar riga. Ya ga ƙofa a rufe, ya ce, "Baba, lafiya? Buɗe mana, ciyaman yana hanya."

Baba Cindo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ba ya nuna ƙasa. A yi haƙuri a kai yaran wajen lilo da ƙwallo yau. In an gyara inji, kwana biyu ya isa."

Kansila ya leƙa ruwan ya yi dariya. "Wannan ɗan koren? Baba, mu da muka koyi iyo a kududdufin bayan gari, tare da kwaɗi? Ga mu nan da ranmu."

"Allah ya ƙara lafiya, ranka ya daɗe. Amma duk waɗanda kuka shiga tare, kowa ya fito?"

Akwai wanda bai fito ba, kuma kansila ya tuna shi. Sai dai a daidai lokacin aka ji jiniyar motar ciyaman daga nesa, kunya ta rufe masa tunani. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ni aka ɗora wa lambun nan, ba kai ba. Na yi wa gari alkawari. Kawo makullin. Daga yau ka huta, za mu nemi mai jin magana."

Jama'a, shekara goma sha tara. A gaban yara, a gaban masu tallar gyaɗa, aka miƙo hannu. Baba Cindo ya kwance makullin daga ƙugunsa ya ba da shi da hannu biyu. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, amma zuciyarsa ta yi ƙuna, ƙuna sosai, har idonsa ya kawo ruwa.

Barau ya jawo shi gefe, shi ma ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, ɗauki farantinka mu tafi gida. Ka faɗa, kowa ya ji ka faɗa, ni shaida ne. Duk abin da ya faru yanzu a wuyansu yake. Bari su gani da idonsu, sa san darajarka."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin jarrabawar. Ba ƙwace makullin ba ne jarrabawar, wannan maganar ta Barau ita ce. Domin magana ce mai daɗi, kuma kusan gaskiya ce. Baba Cindo ya ji daɗinta, kada in ɓoye muku, mutum ne kamar ku. Har ya naɗe igiyarsa, ya taka zuwa bakin lambu. Sai ya tsaya ya tambayi kansa: in sun gani da idonsu, me za su gani? Ya ga amsar ƙiri-ƙiri. Gawar ɗan wani za su gani. Wato kafin a ce Cindo ya yi gaskiya, sai wata uwa ta koma gida da sababbin takalman ɗanta a hannu.

Ya juyo ya ce, "Barau, makulli suka karɓa. Ba su ce kada in yi wanka ba. Ai yau kyauta ne."

Ya tuɓe rigarsa ta Sallah ya miƙa masa, ya bi bayan yara ya shiga ruwa. Ya je daidai inda ƙasan ya fara gangarawa, inda ruwa ya kawo masa ƙirji, ya tsaya. Tun da ido ya kasa, sai ya sa ƙafa ta yi aikin ido. Ya riƙa takawa a hankali daga wannan bango zuwa wancan, yana jan ƙafa a ƙasa yana lalube, ya kai ƙarshe ya juyo, ya kai ƙarshe ya juyo. Yaron da ya matso kusa da zurfi, ya tura shi baya da lallashi.

Abin ya zama abin dariya. Tsoho mai furfura a tsakiyar yara, yana safa da marwa kamar wanda ya yar da allura. Yara suna watsa masa ruwa a fuska. Ciyaman ya iso da baƙinsa, aka zaunar da su a rumfa, wani baƙo ya nuna shi ya tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Kansila ya ce tsohon ma'aikaci ne, rigima ce irin ta tsufa. Baba Cindo yana jin su. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, tafin ƙafarsa ya yi laushi siminti ya fara cinsa, jijiyar ƙwaurinsa ta riƙa ɗaurewa. Sau biyu Barau yana zuwa bakin ruwa yana cewa, "Baba, don Allah fito haka nan, ka wulaƙanta kanka ya isa." Shi dai sai ya girgiza kai ya ci gaba da tafiyarsa.

Ana dab da kiran azahar, ƙafarsa ta taɓa wani abu mai taushi.

Ba wanda ya yi ihu kafin nan. Ba wanda ya ce yaro ya ɓace. Yara ɗari biyu suna ta tsalle, manya suna shan lemo a rumfa, ruwa kore shar bai nuna komai ba. Baba Cindo ya ja numfashi ya nutsa, ya fito da yaro ɗan shekara shida a hannu, jikinsa ya saki. Ya kai shi bakin ruwa ya kwantar, ya danna ƙirjinsa, ya hura masa iska a baki, ya sake dannawa, yana kiran sunan Allah. Can sai yaron ya yi tari, ya amayo ruwa, ya fashe da kuka. Baba Cindo ya zauna daɓas a kan siminti, shi ma ya yi kukan, don tunda yake bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Na ga idanunku, kuna jira in ce ɗan kansila ne, ko ɗan ciyaman. A'a. Ɗanliti ne, ɗan wata baiwar Allah mai suna Ladiyo da ke tuyar awara a ƙofar lambu. Tana can tana juya awararta, ba ta ma san ya shiga ba. Ba wanda ya san shi a rumfar manya. Da ba a tsamo shi ba, da sai la'asar za a fara nemansa. Kuma Baba Cindo bai tambayi ɗan wane ne ba kafin ya nutsa.

Kansila Haladu ya tashi daga rumfa. Da bakinsa ya ce kowane yaro ya fito, da hannunsa ya kulle ƙofa. Sannan ya zo gaban tsohon nan, a gaban ciyaman da baƙi da masu talla, ya durƙusa da babbar rigarsa a kan jiƙaƙƙen siminti, ya miƙa makullin. Ya ce, "Baba, ka tambaye ni ko duk mun fito daga kududdufi. Ba mu fito duka ba. Sunansa Iro, ajinmu ɗaya. Ka yafe mini."

Baba Cindo ya karɓa ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ranka ya daɗe. A dai taimaka a kira mai gyaran inji."

Abin da ya roƙa ke nan, bai ƙara ko kalma ba. Ba a ba shi gida ba, ba a ba shi sarauta ba. Ya yi kwana huɗu yana jinyar ƙafa, Ladiyo tana aiko masa da awara mai zafi kullum har ya ce ta isa. A zaman majalisa na gaba kansila ya kawo doka, aka amince: ba a buɗe wurin ninkaya a ƙaramar hukumar sai an saki farin faranti an gan shi, kuma in mai makulli ya ce a'a, ko ciyaman ba ya cewa e. Ranar da aka sake buɗewa, Barau mai tsokana shi ya riƙe igiyar. Ɗanliti kuwa, a hannun Baba Cindo ya koyi iyo.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Na farko, amana ba ta da ƙarami. Kai direba, birkinka shi ne farantinka. Ke mai abincin sayarwa, ruwan da kike dafuwa da shi, shi ne naki. Kai ma'aikacin hukuma da aka ba ka rijiya ko asibiti ko filin wasan yara, duba kafin ka buɗe, kullum, ko ana yi maka dariya.

Na biyun ya fi nauyi, kuma ni ma da nake faɗa ina jin tsoronsa a kaina. Da yawanmu muna iya faɗin gaskiya. Amma in aka ƙi ji, sai mu koma gefe mu naɗe hannu, muna jira abu ya lalace don mu ce ai na faɗa. Ka yi wa ƙaninka nasiha ya ƙi, kana jira ya faɗi. An cire ka daga kwamitin masallaci, kana addu'a a zuci ginin ya tsaya. Ku tambayi kanku tambayar Baba Cindo: kafin a ce ka yi gaskiya, wa zai nutse? Sau da yawa ba wanda ya ƙi jin maganarka ba ne, ɗan mai awara ne da bai san an yi ba.

In an karɓe makulli a hannunka, ba a karɓe ƙafafunka ba. Shiga ruwan ka tsaya.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana a lokacin da ake ganinmu da lokacin da aka kore mu. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da 'ya'yan da ba mu san iyayensu ba. Ku ce amin, mu tashi, lokacin salla ya yi.